Bikin Huɗu ga Yuni a Eton: Mu kama tebur a bakin kogi ko mu shimfiɗa tabarma a fili?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya shiga makarantar Eton ta Ingila bara, kuma bana ne karo na farko da za mu je bikinsu na shekara-shekara, wanda suke kira Huɗu ga Yuni. Mu bakwai ne: ni da Alhaji, da mahaifiyarsa, da ƙannen yaron biyu, da ƙanwata da mijinta. Alhaji yana so mu kama tebur da rana a wani gidan abinci na bakin kogi, mu ci abinci muna kallon jerin gwanon kwale-kwalen ɗalibai. An ce kin san wurin. Yaya kike gani? Kuma ya za mu yi da batun halal?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka, ya ba shi ilimi mai amfani, ya kawo ku lafiya.

Na daɗe ina zaune a Slough, garin da ke maƙwabtaka da Eton, sana'ata dafa abincin biki, kuma na riƙe amanar yara 'yan gida da dama da iyayensu suka kawo makarantun kwana na wannan yanki. Saboda haka bari in fara da abin da zai fi yi wa Alhaji ciwo, don gara ya ji shi yanzu da ya gan shi ranar: daga teburin gidan abinci ba za ku ga abin da kuka zo gani ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku ci abincin rana a filin makaranta tare da yaronku, ku bar gidan abincin bakin kogi sai da yamma bayan an tashi. Ga dalilina.

Kogin Thames ne ya raba Windsor da Eton. Fadar sarauta tana kan tudu a gefe ɗaya, makaranta tana ƙasa a ɗaya gefen, gadar ƙarfe ta haɗa su. Gidajen abincin da kike gani a hotuna, masu baranda a kan ruwa, yawancinsu a gindin wannan gada suke ko can gaba wajen Bray da Maidenhead. Shi kuwa jerin gwanon kwale-kwalen, a bayan makarantar ake yinsa, ƙasa da gadar, inda ake kira Fellows' Eyot, kuma wannan bakin ruwa cikin harabar makaranta yake. Kogin ya yi kwana tsakanin wuraren biyu, ga bishiyoyi, ga tsibirin Romney da madatsar ruwansa sun tare. Wanda ya zauna a gindin gada zai ga ruwa, zai ga jiragen masu yawon buɗe ido, zai ga fararen agwagin nan masu dogon wuya da suka cika kogin, amma abin da aka taru dominsa zai wuce shi yana riƙe da cokali.

Kuma abin kallo ne da ya isa a tsaya masa. Yaran suna shiga dogayen kwale-kwale siriri sanye da kayan sojan ruwan Ingila irin na shekaru ɗari biyu da suka wuce, da malafar kaba da aka cika ta da furanni. Wanda yake riƙe da akalar jirgin, yawanci ɗan ƙaramin cikinsu, shi ake yi wa shigar babban hafsa. Kowane jirgi da sunansa na gado, akwai Victory, akwai Britannia, akwai Dreadnought, babbansu kuma shi ne Monarch mai matuƙa goma. Idan jirgi ya iso gaban jama'a, sai matuƙan su ɗaga filafilansu tsaye, su miƙe ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan abu da faɗinsa bai fi na benci ba, su cire malafa su kaɗe furannin cikin ruwa, gaisuwa ga fada da makaranta. Ana busa badujala a bakin gaɓa. A nan ne kowa ke riƙe numfashi, domin mutum ɗaya ya karkata, jirgin duka ya tafi. Wani lokaci kuwa yakan kife, yara su fito sharkaf jama'a na tafi. Duk abin ba ya daɗewa. Idan kin makara da rabin awa, sai dai a ba ki labari.

Ki kuma sani cewa tunanin Alhaji bai yi nisa da asalin bikin ba. A zamanin da, jiragen kan taso daga makiyayar Brocas su hau kogi zuwa wani masauki da ake kira Surly Hall, ɗalibai su ci abincin dare a can bakin ruwa, sannan su gangaro da duhu a yi wasan wuta. An daɗe da rushe masaukin, tsarin ma ya canza, amma cin abinci a bakin kogi da yammacin wannan rana tsohuwar al'ada ce. Lokacinta kawai nake so ku gyara.

Game da bikin kansa, ranar haihuwar Sarki George na Uku ake tunawa, wanda aka haifa ranar 4 ga Yuni, 1738, ya yi mulki daga 1760 zuwa 1820. Ba shi ya kafa makarantar ba, Sarki Henry na Shida ne ya kafa ta a 1440 domin yara 70 su yi karatu kyauta. Amma George ya zauna a Windsor sosai, yana son makarantar, yana tsayawa ya yi hira da ɗalibanta, shi ya sa suka riƙe ranarsa. Za ki ji ana cewa baƙar kwat mai jela da yaran ke sawa makokinsa suke yi har yau. Labari ne da ake jin daɗin faɗa wa baƙi, ki saurara ki yi murmushi. Abin da ya fi muhimmanci gare ki shi ne wannan: sunan bikin Huɗu ga Yuni, amma ba dole ya faɗo ranar 4 ga wata ba. Makaranta ce ke tsayar da rana kowace shekara. Kada ku sayi tikitin jirgi ko ku kama tebur sai kun duba kalandar makaranta da idonku. Na san iyalin da suka dogara da sunan kawai, sai da suka biya kuɗin canza tikiti.

Yanzu bari in yi miki maganar da ta fi damuna, wadda ba ta abinci ba ce.

Yaronki ya yi wata tara a cikin mutanen da ba yarensa ba, ba addinin yawancinsu ɗaya da nasa ba, a cikin sanyi da duhun da bai saba ba. Makarantar tana da yara wajen 1,300, rabe a gidaje 25, kowane yaro da ɗakinsa shi kaɗai. Ya koyi inda ake bi, ya koyi kalmominsu, don suna da nasu yaren: kiran suna ma Absence suke ce masa, matar da ke kula da lafiyarsu da kayansu a gida kuma Dame. Wannan rana ita ce ranar da yake so ya ja hannunki ya ce, Umma ga ɗakina, ga abokina, ga zanen da na yi an rataye, ga malamin da nake ba ki labari. Ana buɗe wuraren baje kolin ayyukan ɗalibai, manyan ɗalibai suna karanto jawabai da ka, ana wasan kurket, hausmasta, wato malamin da ke shugabantar gidan kwanan yaro, yana karɓar iyaye. Sauran iyaye duka suna fili. Idan kuka ɗauke shi daga sha biyu zuwa uku kuka zaunar da shi a gaban farin kyalle da cokula shida, ba zai ce komai ba, don yaranmu ba sa musu da iyaye. Amma na taɓa ganin fuskar yaron da aka yi wa haka. Yana cikin waɗanda nake riƙo, iyayensa mutanen kirki ne, sun kashe kuɗi mai yawa don su faranta masa. Abincin ya yi jinkiri kamar yadda yakan yi ranar cunkoso, suka dawo an riga an watse daga bakin ruwa, hausmasta ya shiga wata hidimar. Da dare ya ce mini, Anti, kowa ya ga iyayen kowa, ni ba wanda ya ga nawa. Shekaru sun wuce, maganar ba ta bar ni ba.

To me za ku ci da rana? Abin da kowa ke yi: ana ajiye motoci a filayen wasa, mafi shahara cikinsu shi ne Agar's Plough, a buɗe but, a fito da tebur mai naɗewa da kujeru da tabarma, kowane iyali su baje abincinsu. Wasu har da rumfa da ma'aikata, wasu burodi da cuku kawai, ba wanda ke duba na wani. A nan mu muka fi kowa sa'a, domin abincinmu na taro ne tun asali. Dafa-duka a kula, soyayyar kaza, tsire, waina da miyar taushe ko da yaji, sambusa, cincin, zoɓo mai sanyi da kunun aya, fulas ɗin shayi saboda Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji. Ku yi da yawa. Yara 'yan shekara goma sha huɗu ba sa ƙoshi, kuma da zarar ƙamshin tsire ya tashi za ki ga abokan ɗanki sun fara zagayowa suna gaisuwa. Ki zuba musu. Ki dai rage barkono a kashi ɗaya, ki kuma faɗa musu cewa akwai gyaɗa a ƙulin tsire, don a ƙasar nan akwai yaran da gyaɗa ke kai su asibiti, kuma ba wasa ba ne.

Kada ku ɗauko kilishi, dambun nama ko man shanu daga gida. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, za a karɓe a filin jirgin sama na Heathrow, wataƙila har da tara. Yaji, daddawa, kuka da busasshen zoɓo ku zo da su. Nama kuwa ba matsala: kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Slough Musulmi ne a ƙidayar 2021, mahautan halal suna nan jere a Farnham Road da sauran unguwanni, tafiyar minti goma zuwa sha biyar daga makaranta. Idan masaukinku yana da kicin, ƙanwarki da ke za ku gama komai da safe. Idan otal ne, ku ba masu dafa abinci aiki tun da mako biyu.

Abu ɗaya ki kula da shi a filin. Maƙwabtanku na tabarma za su yi muku tayi, mutane ne masu fara'a ranar. Akwai wani abin sha da suke yi a jug, launinsa kamar shayi mai sanyi ko zoɓon da aka tsinka, an yanka kokwamba da lemo da sitirobari da na'ana'a a ciki. Pimm's ake ce masa, kuma giya ce. Ido ba ya gane ta. Na taɓa riƙe hannun wata yarinya tana gab da kai kofin baki, matar da ta miƙa wa babarta ma ba da mugun nufi ta yi ba. Ki gaya wa ƙannensa tun a mota: ba a karɓar abin sha sai an tambayi Umma. Idan kuma kuna son ku karɓi tayin don kada a ji kunya, ku nemi ruwan furen elderflower, wannan ba giya a cikinsa, kuma yana da daɗi.

Sai da yamma. A nan ne Alhaji zai samu abin da yake so, kuma zai fi na rana kyau nesa ba kusa ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai bayan ƙarfe tara na dare. Teburin ƙarfe bakwai yana nufin awa biyu cur kuna zaune da haske, rana ta yi laushi, ta bugi bangon fada ya koma ruwan zuma, jama'a sun ragu, yaro ya gama nuna muku duniyarsa, yanzu kuma yana jin yunwa yana son hira. Amma kafin komai ku rubuta wa hausmasta ku tambaya ko an yarda yaro ya fita da yammar, da ƙarfe nawa zai dawo idan zai dawo. Kada a ɗauka. Kuma ku kama wurin mutum tara, ba bakwai ba: ku bakwai, da shi, da kujera ɗaya saboda abokin da iyayensa ba su samu zuwa ba. Kusan kullum akwai irin wannan yaro, sau da yawa ɗan Afirka ko ɗan Asiya, kuma ɗanki ya san shi.

Wuraren iri uku ne. Na farko su ne na gindin gadar Windsor, ɓangaren Eton da ɓangaren fada, har da ɗakin cin abinci na otal ɗin Sir Christopher Wren. Amfaninsu kusanci: daga ƙofar makaranta a bi babban titin Eton da ƙafa, minti goma zuwa sha biyar an iso. Ki lura, tun 1970 aka hana mota hawa gadar, don haka wanda ya ce zai tuƙa daga Eton zuwa Windsor sai ya yi dogon zagaye ta babbar hanya, ranar biki kuwa hanyar a cushe take. Idan Hajiya Babba ba ta iya doguwar tafiya, ku zaɓi wanda yake ɓangaren Eton, a sauke ta kusa. Sannan wasu daga cikin wuraren nan asalinsu mashaya ne da suke sayar da abinci. Abincin yana iya yin kyau, amma da yammar bazara akwai hayaniya da warin giya, kuma na san dattijuwa ba za ta sake ba. Ki duba hotunan cikin wurin kafin ki biya.

Na biyu su ne otal-otal masu lambu a bakin kogi tsakanin Windsor da Maidenhead, kamar Oakley Court da Monkey Island. Ga iyali mai tsohuwa da ƙananan yara, ni nan zan kai ku. Akwai wurin ajiye mota, akwai ciyawa har bakin ruwa inda yara za su miƙe ƙafa, akwai kusurwar da za a shimfiɗa darduma ba a takura wa kowa ba.

Na uku shi ne wanda nake zargin Alhaji ya ji labarinsa: Waterside Inn da ke ƙauyen Bray, kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin a mota. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Michel da Albert Roux, suka buɗe shi a 1972, kuma tun 1985 yake riƙe da taurari uku na Michelin, wato matakin ƙoli a wannan sana'a. Alain, ɗan Michel, shi ke riƙe da shi yanzu. A matsayina na mai dafa abinci ina girmama gidan nan ƙwarai, aikinsu aiki ne. Amma ki san abin da za ki shiga. Cikakken jerin abincinsu ya haura fam 200 ga mutum ɗaya, ki lissafa sau tara. Zama ne na awa uku ko fiye, kwano bayan kwano, kowanne ɗan kaɗan. Ana kama tebur tun da watanni. Kuma irin waɗannan gidaje sukan sa iyakar shekaru ga yara, sai an tambaya. Idan da ke da Alhaji ne ku biyu, ko ranar da yaron zai gama makaranta, zan ce bismillah. Amma da yara ƙanana da suka wuni a rana, da tsohuwar da ta saba cin tuwonta bayan magariba, kuɗin zai fi jin daɗin yawa.

Duk wanda kuka zaɓa, ku kama shi da zarar makaranta ta fitar da rana, da sanyin safiya ake kama fara. Iyaye sama da dubu ne ke neman teburan nan a yamma ɗaya. Za su nemi lambar kati ko kafin alƙalami, kuma idan kuka fasa a makare ba a mayarwa. Ki ce a rubuta cewa kuna son tebur na jikin taga a ciki, ba na baranda ba. Na san baranda ta fi kyau a hoto. Amma da rana zafin yakan tsaya wajen digiri 20, da yamma a bakin ruwa ya sauko kusa da 12, wato sanyin asubahin hunturu a Kano, da iska a kai. Ruwan sama kuma ba ya sallama. Ku sha shayi a waje bayan an gama, Hajiya Babba da bargonta a kafaɗa.

Yanzu batun halal, wanda shi ne sana'ata, don haka ki ba ni haƙuri in tsawaita.

Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su zauna tukuna, sannan su ce wa mai kawo abinci ba ma cin alade. Zai ce to, ya kawo miki kifi, ki ci hankali kwance, alhali miyar da aka kwarara a kan kifin da farar giyar inabi aka haɗa ta. Ba yaudararki ya yi ba, abin da kika tambaya ya amsa. Dokar ƙasar nan ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da alkama. Giya da alade ba sa cikin jerin. Don haka ba wanda zai faɗa miki sai kin tambaya da bakinki.

A girkin Faransawa da na Ingilishi, giya tana ɓuya a wuraren da ba ki zata ba. Romon da ake zubawa a kan nama yawanci da jar giya ake ƙone shi. Miyar man shanu ta kifi da fara. Shinkafar Italiya mai laushi, ko da ta ganye ce zalla, da giya ake fara ta. Ƙullun da ake tsoma kifi a soya, wanda ake ci da soyayyen dankali, sau da yawa da biya ake dama shi. Kayan zaƙi kuwa sun fi kowa: wasu ana jiƙa su da barasa, wasu kuma masu santsi da ke daskarewa da jalatin ake yinsu, shi kuma galibi daga alade yake. Aladen da kansa yakan zo a yanka ƙanana cikin wake, cikin kabeji, cikin miyar ganye, ko a naɗe kaza da shi. Idan mai dafawa ya ce miki ai giyar tana ƙonewa a wuta, ki gode masa ki ce duk da haka a cire. Wani kaso yana tafiya, ba duka ba.

Hanyar da ke aiki ita ce ki rubuta musu imel ranar da kika kama tebur, ki sake tunatarwa saura kwana uku. Abu uku za ki faɗa, a fili: ba alade ko wani abu da aka samo daga gare shi, har da kitse da jalatin, ba giya ko a cikin girki, nama kuma sai in na halal ne, in babu a ba mu kifi da kayan lambu. Gidan da ya san aikinsa zai yi murna da wannan saƙo, domin mai girki ya fi son ya sani tun da wuri ya haɗa miki miya daban da a zo masa da magana wuta na ci. Wasu ma, idan an ba su kwanaki, za su sayo kaza ko rago na halal saboda ku. Gidan da ya yi miki shiru ko ya amsa a dunƙule, ki nemi wani. Na taɓa kai baƙi wani wuri da ban yi wannan bincike ba don na saba da shi, ashe sun canza mai girki. Muka ƙare da dafaffen dankali da latas, baƙin suna ta ba ni haƙuri ni da ya kamata in ba su. Tun ranar ba na tsallake imel ɗin ko wurin na sani.

Kan naman da ba yankan Musulmi ba, malamai sun yi magana kuma akwai saɓani, Alhaji ya san wanda yake bi. Ni dai kifi nake ci a irin wuraren nan, kuma ba na jin na yi asara. Watan Yuni lokacin kayan gona ne a Ingila: sabon dankali ƙanana, koren wake, kifin teku gasasshe da man zaitun da lemon tsami. A ƙarshe ku nemi Eton mess, abin zaƙin da ya ci sunan makarantar: sitirobari da kirim da gasasshen farin ƙwai mai sukari, a farfasa a cakuɗa. Asalinsa ba giya a ciki, amma wasu gidajen kan ɗiga, don haka shi ma a tambaya. Yara za su so shi.

Da kun zauna za a kawo muku littafin giya, kuma kofunanta suna jere a tebur tun kafin ku zo. Alhaji ya ce ba ma sha, a kwashe. Sun saba, ba wanda zai kalle ku. Ruwan famfo kyauta ne idan kun nema, kuma mai kyau ne. Idan bil ya zo, ku duba ƙasansa: yawanci an riga an ƙara kashi 12.5 cikin 100 na hidima, don haka ba sai an sake ba da tukwici ba, sai dai in an ga dama.

Salla tana buƙatar ɗan lissafi. Azahar takan shiga wajen ƙarfe ɗaya, la'asar bayan biyar, magariba bayan tara, isha kuwa sai dare ya yi nisa. Azahar ku yi ta a ɗakin yaron ko a gefen mota a fili, ba wanda zai hana ku. La'asar kafin ku tafi cin abinci. Idan kun zauna ƙarfe bakwai, kuna tashi magariba na shiga, ga masallatan Slough a Stoke Poges Lane da Diamond Road a kan hanya, ko na Maidenhead idan Bray kuka je. Ku zo da buta ƙarama a mota. Ban-ɗakin Turawa ba ruwan tsarki, kuma wanke ƙafa a wurin wanke hannu yana jawo kallo.

Sutura kuwa, ku sa kayanku na gida, ki ɗaura ɗankwalinki. Ranar ado ce, kowa ya ci kwalliya, kuma shadda mai kyau ba ta jin kunyar kowace kwat. Sai dai ki tambayi yaron tukuna, a hankali, ki ji ta bakinsa. Yawanci suna alfahari da hakan, amma ya ji an shawarce shi. Babbar riga tana jan ciyawa idan an yi ruwa, kaftani da hula sun fi wa Alhaji sauƙi. Takalmi mai tsini yana nutsewa a fili. Laima biyu, da rigar sanyi ga kowa.

Idan har Hajiya Babba ta gaji da yamma, kuma ina ganin za ta gaji, akwai mafita mai kyau: ku mayar da babban cin abincin zuwa washegari da rana, ko ku kai ta shan shayin la'asar a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin bakin kogi, inda ake kawo shayi da burodi da kek a faranti mai hawa uku. A ce kada a sa naman alade a burodin. Daga nan ku hau jirgin French Brothers da ke tashi daga bakin ruwan Windsor, ya zaga da ku ya dawo, ta ga fadar daga cikin kogi ba tare da ta taka ko'ina ba.

Takardar biza ta baƙunci ana iya nema tun saura wata uku, ku nema wa kowa lokaci ɗaya, ku haɗa da takardar makaranta mai nuna ranar biki. Abincin da ya rage a kuloli kuma kada ku mayar da shi masauki. Ku tambayi Dame ko za a iya bar wa yaran gidan, ku gaya mata abin da ke ciki saboda masu rashin lafiyar gyaɗa. Cincin da yajin dai ki ba shi a hannunsa ya kai ɗaki.

A gaida Alhaji da Hajiya Babba. Allah ya kawo ku lafiya.